Ɗan Sarki da Wutar da Hannu Ba Ya Ji

Duk wanda ya isa a kira shi masunci a kogin Kwara ya san minjirya, kuma yawanci ba labarinta aka ba shi ba, hannunsa ne ya gaya masa. Kifi ce mai taushin jiki, ga kitse, ba ta da ƙaya a baya, kana ganinta ka ce ba za ta iya komai ba. Amma ka kuskura ka damƙe ta a cikin taru, sai hannu ya mutu tun daga yatsu har kafaɗa. Babbar minjirya tana sakin wutar da ta kai volt 350, fiye da wadda ke cikin wayar gidajenmu, ko da yake tata ba ta daɗewa. A Yawuri inda na tashi, yara ma sun san ba a wasa da ita, sai dai a yaudari baƙo ya taɓa, a yi ta dariya.

Akwai wasu kifaye a cikin ruwan nan namu da su ma suke da wuta, amma tasu ba ta bugu. Ɗan sarki yana cikinsu, da miligi mai dogon baki, da danginsa masu yawa. Dangin mahaifiyata masunta ne, sun kama waɗannan kifaye iyaka rayuwarsu, sun fafe su, sun banda su, ba wanda ya taɓa jin ko ɗis. Ni kaina na ci ɗan sarki tun ban san kaina ba, sai da na je jami'a karatun ilimin halittu na ji cewa kifin da ke cikin miyarmu yana sakin lantarki dare da rana ba hutu, yana gani da shi, yana kuma magana da shi. Yadda aka yi ɗan Adam ya gano wannan abu labari ne mai tsawo, kuma rabinsa a ruwan Afirka ta Yamma ya faru, ko da yake sunayen da ke cikinsa kusan duk na baƙi ne.

Mai ƙarfin wutar an san ta tun zamanin da. A kabarin wani babban ma'aikacin Fir'auna mai suna Ti da ke Saƙƙara, an sassaƙa hoton minjirya a jikin bango cikin kifayen kogin Nilu, fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Likitan nan na Bagadaza, Abdullaɗif al-Bagdadi, da ya zauna a Masar wajajen shekara ta 1200, ya rubuta bayanin kifin da ke sa wanda ya taɓa shi karkarwa. Likitocin Rumawa kuwa sun riƙa ɗora wani kifin teku mai bugu a kan mai ciwon kai. A 1772 wani Bature ɗan Ingila, John Walsh, ya gwada wannan kifin teku a gaɓar Faransa ya nuna cewa bugunsa lantarki ne, yana bin ƙarfe, ba ya bin gilashi. Da Alessandro Volta ya ƙera batir na farko a 1800, ya jera faifan ƙarfe ɗaya kan ɗaya, shi da kansa ya kwatanta abin da ya ƙera da gaɓar da ke jikin waɗannan kifaye, wadda ita ma jeri ce na ƙwayoyi masu faɗi, kowace tana ƙara ɗan ƙarfinta a kan na 'yar'uwarta.

Dangin miligi ma mutanen Masar sun san su, har suna girmama su. Akwai garin da Girkawa suka sa wa sunan wannan kifi mai tsinin baki, wato Bahnasa ta yau, inda ba a cinsa, ana kuma ƙera gumakansa na tagulla. Amma game da wutarsa, su ma ba su fi masuntan Yawuri sani ba.

Matsalar ta kunno kai ne a ƙarni na 19, lokacin da masu feɗe dabbobi a Turai suka buɗe wutsiyar ɗan sarki da ta miligi. Sun ga jerin ƙwayoyi irin na kifaye masu bugu, ga jijiyoyi sun shiga cikinsu, komai ya cika. A jikin ɗan sarki zare huɗu ne a kowane gefe, suna bin wutsiya har ƙarshenta. Sai dai kifin ba ya bugun kowa. Da suka rasa yadda za su yi, sai suka laƙaba wa abin suna gaɓar lantarki ta jabu, suka wuce. A ganina wannan suna ya fi nuna halin masu binciken fiye da halin kifin: abin da hannunsu bai ji ba, sai suka yanke cewa babu shi. Charles Darwin ya fi su gaskiya. A littafinsa na 1859 ya ware babi guda na abubuwan da suka gagari ra'ayinsa, ya sa kifaye masu lantarki a ciki. Tambayarsa mai sauƙi ce. Wuta mai ƙarfi tana da amfani, tana kashe abin farauta, tana korar maƙiyi. To wadda ba ta kai ta kashe ko tana ba, me ta tsinana wa mai ita? Ko mutum ya yarda da ra'ayin Darwin ko bai yarda ba, tambayar tana nan daram, kuma ta yi fiye da shekara 90 tana jiran amsa.

A tsakanin nan akwai wani mutum da ban so a manta da shi, John Samuel Budgett, matashin masanin dabbobi daga Kambirij. Ya zo kogin Gambiya a ƙarshen ƙarni na 19 yana neman ƙwan wani kifi dabam, sai ya ci karo da sheƙar ɗan sarki a cikin fadama. Ya bayyana ta yadda kowane Basarke zai gane: tarin ciyawa ne da ke yawo a bisa ruwa, tsakiyarsa a lotse, ƙwai manya-manya a ciki, kowane ya kai kusan santimita ɗaya. Kawuna ya sha gargaɗinmu da damina kada mu kusanci irin wannan sheƙa a cikin burugu, domin mai ita yana kusa, kuma haƙoransa ba sa wasa. Budgett ya sake dawowa Afirka sau da dama, tafiyarsa ta ƙarshe a 1903 zuwa bakin kogin Kwara ce, ya koma Ingila da zazzaɓi a jikinsa, ya rasu a farkon 1904 yana ɗan shekara 31. Ƙwai da 'ya'yan ɗan sarki da ya tara a kwalabe su ne aka yi ta nazari a kansu bayan rasuwarsa. Daga irin wannan nazari aka tabbatar cewa gaɓar nan ta wutsiya daga tsoka take samuwa: tsoka ce da ta daina motsi, ta riƙe wutar da kowace tsoka ke yi kafin ta motsa.

Wanda ya warware ƙullin shi ne Hans Lissmann. An haife shi a 1909 a garin Nikolayef, cikin Yukiren ta yau, iyayensa Jamusawa ne. Ya yi karatu a Hambug a hannun Jakob von Uexküll, malamin da ya dage cewa kowace dabba tana zaune ne a cikin duniyar da gaɓoɓin jinta suka gina mata, kuma ba lallai ne duniyar ta yi kama da tamu ba. Lissmann ya ƙi yi wa 'yan Nazi aiki, ya bar musu ƙasar, ya isa Kambirij a 1934. Da yaƙi ya ɓarke Ingila ta tsare shi a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, har aka kai shi sansani a Kanada, kafin a sake shi ya dawo bakin aiki. Aikin nasa kuwa ba ruwansa da lantarki. Yana nazarin tafiyar dabbobi ne, yadda tana ke jan ciki, yadda kwaɗo ke taku, yadda kifi ke iyo.

Idon mai nazarin tafiya ne ya sa ya ga abin da wasu ba su gani ba. A gidan namun daji na Landan ya tsaya gaban tankin gilashin da aka sa ɗan sarki. Wanda ya taɓa kallon kifin nan da rai ya san iyonsa ya bambanta da na sauran. Ba ya karkaɗa jiki. Gangar jikinsa a miƙe take sambal, dogon fiffiken da ya bi bayansa tun daga wuya shi kaɗai ke kaɗawa, kuma yana tafiya da baya daidai yadda yake tafiya gaba. Lissmann ya ga kifin yana ja da baya yana kauce wa abubuwa, yana shiga rami da wutsiya ba tare da ya goga gefe ba. Idanunsa ƙanana ne, kuma ko da manya ne ba a wutsiya suke ba. To da me yake gani?

Da ya samu nasa kifin a Kambirij, sai ya tsoma waya biyu a cikin tanki, ya haɗa su da amfilifaya da na'urar da ke zana motsin lantarki a kan allo. Sai ga igiya tana ta gudu ba tsayawa, kusan bugu 300 a kowace daƙiƙa, ko kifin yana iyo ko yana kwance. Ƙarfinta bai wuce 'yan volt kaɗan ba, shi ya sa fata ba ta ji. Ya buga wannan a mujallar Nature a 1951, a 'yar gajeriyar takarda. Abin lura shi ne, na'urorin da ya yi amfani da su ba su samu a zamanin Darwin ba, harkar rediyo da yaƙin duniya ne suka wadata ɗakunan bincike da su. Tambayar ta tsufa tana jiran kayan aiki.

Daga nan sai ya biyo kifin gida. Ya zo arewacin ƙasar da ake kira Ghana yanzu, ya shiga kogin Baƙar Bolta da wayoyinsa da na'urar saurare. Ruwan ya yi kauri da laka har ba a ganin kifin da ke dab da saman ruwa, amma da ya tsoma waya sai kunnensa ya cika. Wani wuri ƙara ce doguwa mai sauti ɗaya, wannan ɗan sarki ne. Wani wuri kuma ƙas-ƙas-ƙas ne, yana sauri yana lafawa, waɗannan dangin miligi ne. Tun daga nan aka raba kifayen gida biyu, masu igiya da masu ƙyasta. Ya kuma lura da abin da ya haɗa su: ruwan duhu suke zama, kuma da dare suke fita kiwo. Ido ba shi da wani amfani a wurin.

Jin wuta a ruwa daban, tabbatar da cewa kifin yana gani da ita daban. A nan ne ya haɗa kai da Ken Machin, masanin kimiyyar lantarki, suka yi gwajin da har yau nake koya wa ɗalibaina shi, saboda ban san wani gwaji da ya fi shi tsabta ba. Sun samo tukwane biyu na yumɓu marasa shafe, irin waɗanda ruwa ke ratsawa, iri ɗaya sak a ido da wari da taɓi. Lantarki yana ratsa irin wannan tukunya idan ta jiƙa, don haka abin da ke cikinta ne kawai ya bambanta. Ɗaya a cika ta da ruwan tanki, ɗaya a sa mata abin da wuta ba ta bi, kamar sandar gilashi ko tataccen ruwa. A bayan kowace an rataya ɗan nama. Idan kifin ya je wa tukunyar da ake so, ya ci abinsa. Idan ya je wa ɗayar, a kore shi. Ba a daɗe ba ɗan sarki ya koya. Suka riƙa rage kaurin sandar gilashin, har ya zama yana gane tukunyar da ke ɗauke da sanda mai kaurin milimita 2, alhali ba ya ganinta, ba ya taɓa ta. Sun kuma ga cewa idan aka goga matajin roba a gashi aka kawo kusa da gilashin tanki, kifin yana zabura. Sakamakon ya fito a 1958.

Bayanin shi ne wannan. Duk lokacin da wutsiya ta saki wuta, wutar tana bazuwa cikin ruwa ta kewaye jiki ta dawo ta fata, musamman wajen kai, inda akwai dubban ƙananan ramuka masu auna ta. Idan ruwan fili ne, kowane rami yana samun rabon da ya saba. Dutse ba ya ɗaukar wuta, don haka idan yana kusa sai wutar ta kauce masa, fatar da ke fuskantarsa ta samu ƙasa da yadda ta saba. Jikin wani kifi ko ƙarfe kuwa yana jan wutar, sai wurin ya samu ƙari. Da wannan ragi da ƙari kifin ke sanin abin da ke gefensa, da gabansa, da bayansa, duk a lokaci ɗaya. Ganin ba ya nisa, bai cika wuce tsawon jikin kifin ba. Lissmann ya kuma ba da dalilin miƙewar jikin: wanda yake auna duniya da wutar da ke fita daga wutsiyarsa, idan yana lanƙwasa wutsiyar kowane lokaci, awon zai rikice. Hujjarsa ita ce a Kudancin Amurka akwai wasu kifaye da ba su haɗa dangi na kusa da namu ba, su ma suna da ƙaramar wuta, su ma jikinsu a miƙe, sai dai su dogon fiffiken a ciki yake maimakon baya. Amsar Darwin ke nan: ƙaramar wutar ba ragowar makami ba ce, fitila ce.

Bayan 1958 sai ƙofa ta buɗe. Theodore Bullock a Kalifoniya, da Alfred Fessard da Thomas Szabo a Faransa, sun sa ƙananan wayoyi a jijiyoyin da ke fitowa daga ramukan fata, suka nuna a farkon shekarun 1960 cewa lantarki ne abin da suke ji. An ƙara wa lissafin gaɓoɓin ji wata sabuwa ke nan, bayan gani da ji da wari da ɗanɗano da taɓi.

Sai kuma wata tambaya ta biyo baya, wadda duk mai hankali zai yi. Idan kifi biyu masu igiya suka haɗu, kuma saurin bugunsu ya yi kusa da juna, ai wutar wannan za ta dagula ta wancan, duka biyu su makance. A 1963 wasu Japanawa biyu, Watanabe da Takeda, suka gano yadda wani kifin Kudancin Amurka mai suna Eigenmannia yake magance wannan. Wanda bugunsa ya ɗan fi sauri sai ya ƙara sauri, wanda nasa ya ɗan yi ƙasa sai ya ƙara ragewa, tazara ta buɗe, kowa ya ci gaba da ganinsa. Abin tambaya shi ne yadda kifin yake sanin ko shi ne na sama ko na ƙasa. Walter Heiligenberg, Bajamushe da ke aiki a cibiyar Scripps ta Jami'ar Kalifoniya a San Diyego, ya ba wannan tambaya kusan shekara 20 na rayuwarsa. Shi da ɗalibansa sun bi saƙon daga fata, tasha bayan tasha a cikin ƙwaƙwalwa, har zuwa gungun ƙwayoyin da ke ba wutsiya umarni. Sun gano cewa kifin yana kwatanta hawa da saukar ƙarfin wutar da kuma ɗan jinkirin isowarta a sassan jikinsa daban-daban, kuma yana iya gane bambancin lokaci da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Kaɗan ne cikin halayen dabbobi masu ƙashin baya aka taɓa bin sawunsu haka daga farko har ƙarshe. Heiligenberg ya tattara aikin a littafi a 1991, ya rasu a haɗarin jirgin sama kusa da Pittsburgh a watan Satumba na 1994.

Ɗan sarki ya sake shigowa labarin ta hannun Masashi Kawasaki na Jami'ar Bajiniya. Ya nuna cewa kifinmu yana kauce wa ɗan'uwansa da lissafi iri ɗaya da na Eigenmannia, amma a wani sashe dabam na ƙwaƙwalwa ake yin kwatancen lokacin. Teku ta raba su, kowa ya samu wutarsa a gefensa, suka kuma faɗa kan dabara ɗaya. Binciken ƙwayoyin gado da Harold Zakon na Jami'ar Tekzas da abokansa suka yi daga baya ya nuna har ƙwayar gadon da aka ara daga tsoka aka ba gaɓar wuta iri ɗaya ce a nahiyoyin biyu. A lissafin masana, gaɓar lantarki ta bayyana a cikin kifaye sau 6 a wurare mabambanta.

Ni dai ɓangaren masu ƙyasta ya fi burge ni, domin a nan ne magana take. Dangin miligi sun haura iri 200, kuma a Afirka kaɗai ake samunsu. Carl Hopkins na Jami'ar Cornell ya fara zuwa Gabon a tsakiyar shekarun 1970, yana aiki a rafukan da ke kewaye da Makoku a kan kogin Ibindo. Ya tarar cewa kowane iri yana da siffar ƙyastarsa. Wata ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, wata ta ninka ta sau da yawa, wata tana fara hawa kafin ta sauka, wata akasin haka. Akwai kifayen da ko masani ya riƙe su a hannu ba zai iya raba su ba, amma a kan allo kowa da sa hannunsa. A 1981 shi da Andrew Bass suka nuna cewa namiji yana gane macen irinsa da wannan siffa, ya yi mata wani ruri na ƙyasta mai sauri da ba ya yi wa baƙuwa. Sun kuma gano cewa a iri da yawa ƙyastar namiji tana tsawaita a lokacin haihuwa, kuma idan aka ba mace sinadarin maza tata ma tana tsawaita. Siffar ƙyasta ita ke faɗin ko kai wane ne. Tazarar da ke tsakanin ƙyasta da ƙyasta ita ke faɗin abin da kake ciki, faɗa ne, ko neman aure, ko sallamawa. Wanda aka fi ƙarfi yakan yi tsit na ɗan lokaci. A 2021 ɗakin binciken Bruce Carlson a Sent Luwis ya nuna cewa ɗan shirun da kifi ke yi kafin ya saki muhimmin saƙo yana sa ƙwaƙwalwar mai saurare ta fi karɓar abin da zai biyo baya.

Maganar tana da tsada. Tarwaɗa ba ta yin irin wannan wuta, amma tana jin ta. Bernd Kramer na Jami'ar Regensburg da ɗalibarsa Susanne Hanika sun nuna cewa tarwaɗa ta fi saurin jin doguwar ƙyastar namiji fiye da gajeriyar ta mace a wani irin kifi na kogin Zambezi, suka kuma yi hasashen cewa maza ne ta fi ci. Abin da ke jawo mata shi ke jawo ajali.

Akwai kuma matsalar jin kai. Kifin da ke sakin wuta daga jikinsa, tasa ce ta fi kowace ƙarfi a fatarsa, to ta yaya zai ji ta maƙwabci, ko ɗan motsin tsutsa a cikin laka? Curtis Bell a Oregon ya nuna cewa duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta aika wa wutsiya umarni, tana aika kwafinsa zuwa sashen ji. A hanyar da ke sauraron wasu, kwafin yana toshe kunne na ɗan ƙiftawa, daidai lokacin da wutar kai za ta iso. A wata hanyar kuma ƙwaƙwalwa tana koyon yadda wutar kanta take, ta ƙirƙiri kishiyarta, ta debe, abin da ya rage shi ne sabon labari. Mai gida kusa da injin niƙa ya san wannan: bayan wata guda ba ya jin injin, amma ko sallama aka yi a ƙofa a hankali zai ji. Bell ya buga wannan a 1981, kuma masu nazarin ƙwaƙwalwar ɗan Adam sun ɗauke shi da muhimmanci, domin mu ma muna da buƙatar raba abin da muka jawo da kanmu da abin da ya zo daga waje.

Kifin da Bell ya yi aiki da shi, wanda ya cika ɗakunan bincike daga Bon zuwa Niyok, shi ne mai haɓa kamar hauren giwa da masana ke kira Gnathonemus petersii. An fara bayyana shi a 1862 daga samfurin da aka samo a Kalaba, kuma da wuya ya hayayyafa a tanki, saboda haka daga kogunan Afirka ta Yamma ake kamo shi, Najeriya na gaba-gaba, a zuba a leda da iska a sa a jirgi. A kansa Göran Nilsson ya auna a 1996 cewa ƙwaƙwalwarsa tana cinye kashi 60 cikin 100 na iskar da jikinsa ke shaƙa, alhali ta mutum kashi 20 take ci. A kansa Gerhard von der Emde na Jami'ar Bon ya nuna cewa yana auna nisan abu a cikin duhu, yana kuma bambance mai rai da marar rai. A kansa ne kuma Federico Pedraja da Nathaniel Sawtell na Jami'ar Kolombiya suka ba da rahoto a 2024 cewa idan suna cikin garke, kowane yana amfana da wutar na kusa da shi, ya hangi abin da tasa ba za ta kai ba.

Wannan shi ne abin da ke ɗan ci mini rai. Kifin namu ne, tankin na wasu. Ba zargin kowa nake yi ba, wanda ya yi tambaya shi ke samun amsa. Amma tanki ba kogi ba ne, kuma mafi yawan abin da aka sani an san shi ne daga kifi ɗaya ko biyu a cikin gilashi, a ruwan da aka tace. An taɓa sauraron ruwanmu kai tsaye. Bayan an gama madatsar Kainji a 1968, Peter Moller na Kwalejin Hunter a Niyok da abokan aikinsa daga Faransa sun zo kogin Swashi da ke zuba cikin tafkin ta ɓangaren Borgu, suka tsoma wayoyinsu, suka bi dangin miligi da minjirya dare da rana, suka buga abin da suka samu a 1979. Ga kuma cibiyar binciken kifi ta tarayya a Sabuwar Busa, dab da wurin. Sai dai hankalin sassan kifi na jami'o'inmu ya fi karkata ga kiwon tarwaɗa da karfasa, kuma ban ga laifinsu ba, ciki ne ke gaba. A Gabon kuwa, inda aka yi ta komawa shekara bayan shekara, har a 2016 John Sullivan da Sébastien Lavoué da Hopkins sun bayyana sabon jinsi sukutum na waɗannan kifaye, suka sa masa suna Cryptomyrus.

Kayan aikin yanzu ba su fi ƙarfin sashen kimiyya na kwalejin ilimi ba: waya biyu a jikin gora, ƙaramar amfilifaya mai batir, da wayar hannu mai ɗaukar sauti. Abin da ya fi wuya shi ne sanin inda kifin yake kwana da rana, da inda yake bi idan ruwa ya hau fadama, da watan da yake ƙwai, kuma wannan ilimin yana wurin Sarkawa da Kabawa da masuntan tafkin Chadi. Tambayoyin ma suna nan. Nisan da saƙon kifi ke kaiwa ya dogara ne da yawan gishirin da ya narke a ruwa, kuma Moller ya nuna a gwaji cewa idan gishirin ya ƙaru nisan yana raguwa. Takin zamani da ke gangarowa daga gonakin rani da wankin ma'adinai a bakin rafuka duk suna canza wannan awo. Hopkins kuma ya nuna tun 1973 cewa walƙiya, ko ta nesa ce, tana cika ruwan koguna da ƙyastar da ta yi kama da ta kifayen, kuma da damina ne, lokacin da hadari ya fi yawa, dangin miligi da ɗan sarki suke neman juna don yin ƙwai.